Kalgo da sabara a gindin dashe: me ya sa masana daji ke cewa a daina share su?

Duk shekara idan damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, sai a shiga hidimar dashen itatuwa a Zariya da kewaye. Makarantu su yi, ƙungiyoyin matasa su yi, hukumomi su raba dashe a leda. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: a sassabe wurin tas, a tara abin da aka sare a cinna masa wuta, a ja igiya, a haƙa ramuka a jere, a dasa. Wanda ya koma irin wannan wuri a watan Afrilu ya san abin da ake tararwa. Ramukan suna nan, tsinken da aka kafa yana nan, dashen kuwa akasarinsa ya bushe ko awaki sun cinye.

Yanzu maganar ta ƙara nauyi, domin kuɗin da ake zubawa a gyaran ƙasa ba kaɗan ba ne. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin gyaran ƙasa na ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. A daidai wannan lokaci kuma masu binciken daji suna ba da wata shawara da ke rikita mutane: kada a share ƙananan itatuwan da aka tarar a wurin, a dasa a gindinsu. Ga manomin da ya tashi ya ga ana yaba gona mai tsabta, wannan kamar a ce masa ya shuka dawa a cikin ciyawa ne. Shawarar tana da tushe, tana kuma da iyaka, kuma yawancin hujjojinta daga busassun dazuzzukan kan duwatsu na wasu ƙasashe aka samo su.

Abin da ake nufi da raino

Ƙananan itatuwan da ake magana a kansu su ne waɗanda ba sa tsayawa da kara ɗaya su yi sama, sai dai su fito da rassa da yawa tun daga ƙasa su yi duhuwa: kalgo idan ana yawan saransa, sabara, geza, ɗunɗu, gwandar daji, magarya tun tana ƙarama, sarƙaƙiya. Su ne ke fara kama wuri bayan an cinye daji, shi ya sa ake musu kallon alamar lalacewar ƙasa.

Masana sun lura cewa a wurare masu tsananin fari ko zafi ko sanyi, 'ya'yan manyan itatuwa sun fi tsira a ƙarƙashin irin waɗannan fiye da a fili. Sunan da suka ba ƙaramin icen yana nufin mai raino, wato uwar goyo. Ba ita ta haifi dashen ba, amma a bayanta yake har ya yi ƙwari. An daɗe da ganin haka a hamadar Sonora ta Amurka da Meziko, inda wata doguwar shuka mai ƙaya da ake kira saguwaro ba ta cika tsira ba sai a inuwar wani ice. Wani lokaci idan ta girma sai ta shanye ruwan wurin har icen da ya raine ta ya mutu.

Abin da ke kashe dashe

Dashe ba ya mutuwa ranar da aka dasa shi. Ranin farko ne ke kashe shi. A Zariya ruwan shekara ya kai kimanin milimita 1,000, amma kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake sauka. Dashen da aka sa a Agusta wata biyu kacal yake da su na zura saiwa kafin sama ta ɗauke. Daga nan sai iskar hunturu mai busar da ganye, sai zafin bazara, lokacin da fuskar ƙasar da babu komai a kanta kan wuce digiri 50 da tsakar rana. Saiwar ɗan dashe tana cikin taƙi ɗaya ko biyu na sama, wato daidai inda ya fi zafi kuma ya fi saurin bushewa. A kan dutse ko gangare abin ya fi muni, domin ƙasar ba ta da kauri kuma ruwa gudu yake yi maimakon ya nutse.

Sai kuma baki. Da an kawar da amfanin gona ana sakin dabbobi, kuma a watan Fabrairu ɗanyen ganye ɗaya a tsakiyar fili ba ya ɓuya ga akuya.

Abin da ke faruwa a gindin kalgo

Duk wanda ya bi ta gindin Dutsen Kufena ko wata saura da rani zai iya gwada wannan da hannunsa. Ka taɓa ƙasar fili da azahar, sannan ka ɗaga rassan kalgo ka zura hannu. Za ka ji sanyi-sanyi. Za ka ga ƙasar ta ɗan yi tudu ta fi ta kewaye duhu da laushi, ga busasshen ganye ya taru, ga kashin awaki da iska da ruwa suka turo, ga hanyoyin gara. Idan ka duba da kyau, wani lokaci ka ga ɗan tsiron darbejiya ko na kanya da babu wanda ya shuka shi. Duk abin da masana suka rubuta a kan raino yana cikin wannan ɗan wuri.

Na farko inuwa. Ba ta hana rana gaba ɗaya, tacewa take yi. Ganyen dashe ba ya yin zafi sosai, ruwan da yake fitarwa ya ragu, ƙasa ta daɗe ba ta bushe ba. Rassan suna kuma karya ƙarfin iska. A manyan duwatsu masu sanyi suna rage wa dashe illar jaura da dare.

Na biyu ƙasa. Ƙaramin ice tarko ne. Ƙurar hunturu da ganye da yayi da ƙasar da ruwa ya kwaso daga sama duk a gindinsa suke tsayawa. Shekara da shekaru wurin ya zama ɗan tsibirin taki a tsakiyar faƙo. Saiwoyinsa da gara suna huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Wasu, irin su ɗunɗu, suna da ƙwayoyin halitta a saiwarsu da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne amfanin takin yuriya. Kalgo kuwa, ko da yake dangin wake ne, ba ya yin haka. Nasa amfanin a yawan ganye yake.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Wasu itatuwa masu doguwar saiwa kan jawo ruwa daga can ƙasa da dare, lokacin da ganye ya rufe ƙofofinsa, sai ruwan ya tsattsafo ta ƙananan saiwoyin sama zuwa busasshiyar ƙasa. Masana biyu, Richards da Caldwell, sun bayyana wannan a 1987 a kan wani ƙaramin ice a jihar Utah ta Amurka. Daga baya aka tabbatar da shi a kan sabara da kalgo a Senegal. A wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda Farfesa Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio ke cikin jagororinsa, an ba dogayen saiwoyin sabara ruwa mai alama ta musamman, sai aka tarar da alamar a jikin geron da ke kusa. A yanayin farin da aka ƙirƙiro don gwajin, geron da ke tare da sabara ya ninka wanda ke shi kaɗai fiye da sau tara a yawan jiki. Albarkacin kaza, ƙadangare ya sha ruwan kasko. Sai dai a lura, a filin gwajin an yawaita sabarar fiye da yadda ake ganinta a gonaki, kuma an yi shekaru ana mayar da ganyenta cikin ƙasa. Gero kuma ba ice ba ne. Abin da gwajin ya nuna shi ne ruwan yana wucewa daga shuka zuwa shuka.

Na huɗu shinge. Magarya da ɗunɗu da sarƙaƙiya waya ce da Allah ya kafa. Ko marar ƙaya ma yana ɓoye dashe daga idon dabba, ya kuma hana kofato taka shi.

Na biyar tsuntsaye. Tsuntsun da ya ci 'ya'yan ice sai ya nemi reshe ya sauka, kuma inda ya sauka nan yake kashi. Shi ya sa iri ke taruwa a gindin duhuwa, ba a tsakiyar fili ba.

Gwajin Andalus da na Habasha

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga duwatsun Sierra Nevada a kudancin Sifaniya, kusa da Granada, wato Garnaɗa ta tarihin Andalus. Can ruwa da sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuma fari ne ƙurmus. Shekaru da dama al'adar ma'aikatan daji a can irin tamu ce, a share ƙananan itatuwa kafin a dasa, bisa tunanin cewa kishiyoyi ne. Tsakanin 1997 da 2001 masu bincike, ciki har da Lorena Gómez-Aparicio da Regino Zamora, suka dasa fiye da dashe 18,000 na itatuwa iri 11, wasu a fili, wasu a ƙarƙashin ƙananan itatuwa iri 16. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya nuna cewa na ƙarƙashin inuwa sun fi rayuwa. Bambancin ya fi fitowa a gangaren da rana ta fi duka, da ƙasa-ƙasan dutse inda ya fi bushewa, da kuma shekarun fari. A shekarar da aka samu ruwa sosai amfanin ya ragu. Ba kowane ƙaramin ice ne ya yi rana ba: dangin wake sun taimaka ƙwarai, wani dangi kuma cutar da dashen ya yi.

Na Habasha ya fi kusa da mu. A tsaunukan Tigrai, inda damina gajeriya ce daga Yuni zuwa Satumba, dazuzzukan zaitun na daji sun ƙare saura 'yan tsiraru, galibi a kewayen coci-coci. Al'ummomi suka riƙa killace gangaren duwatsu su hana kiwo da sara. Raf Aerts na Jami'ar Leuven ta Beljiyam da abokan aikinsa sun bi irin waɗannan wurare suna neman 'ya'yan zaitun da suka tsiro da kansu. A ƙarƙashin ƙananan itatuwa suka same su, kuma akasari a gindin wani mai suna Euclea, duk da cewa wata ƙaya dangin bagaruwa ta fi shi yawa a wurin. Euclea ba ya zubar da ganye da rani, yana da rassa masu yawa tun daga ƙasa da ke tare ganye da danshi, kuma yana 'ya'yan da tsuntsaye ke so. Darasin a nan shi ne ƙaya kaɗai ba ta isa ba. Siffar icen da abin da yake tarawa a gindinsa sun fi muhimmanci.

Inda masana suka saɓa

A 1994 masana biyu, Mark Bertness da Ragan Callaway, suka kawo ra'ayin da ya zama ginshiƙin wannan fanni: inda rayuwa ke da sauƙi tsirrai kishi suke yi da juna, inda ta yi tsanani kuma taimakon juna ke rinjaye. A 2002 Callaway da wasu suka gwada shi a kan tsirrai iri 115 a duwatsu 11 na duniya, ta hanyar cire maƙwabtan shuka su ga yadda za ta yi. A ƙasan dutse cire maƙwabci ya amfane ta. A can sama inda sanyi da iska suka tsananta, cire shi ya cutar da ita.

Wasu masana, musamman Fernando Maestre da ya yi aiki a busassun yankunan Sifaniya, sun ce ba a nan gizo ke saƙa ba. Sanyi da iska daban, ƙishirwa daban. Idan matsalar sanyi ce, maƙwabci bargo ne. Idan ruwa ne ya yi ƙaranci matuƙa, maƙwabcin ma shansa yake yi, kuma rassansa na iya tare ɗan yayyafin da ya sauka kafin ya taɓa ƙasa. A ganinsu taimakon ya fi ƙarfi a tsaka-tsakin wahala, idan fari ya kai maƙura sai kowa ya yi ta kansa. Wani bincike a hamadar Negev ya goyi bayansu, domin can a shekarun da aka fi samun ruwa ne ƙananan itatuwa suka fi amfanar tsirran da ke ƙarƙashinsu.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma idan aka haɗa su abin da ke fitowa shi ne amsar ta dogara da abu uku: wane ice ne uwar goyon, wane ice ake goyo, kuma mene ne ainihin abin da ke kisa a wurin.

Ma'aikatan daji na tsohon tsari su ma ba da ka suke magana ba. Itatuwan da aka fi dasawa don katako da turaku, irin su turare da aka yi ta gwajinsa a dajin Afaka kusa da Kaduna, masu son rana ne, kuma an tabbatar suna saurin girma idan an yi musu noma an kawar da ciyawa. Haka kuma inuwar da ta ceci dashe a shekarar farko tana iya danne shi a ta huɗu. Ɓeraye da gafiya suna fakewa a duhuwa su cinye irin da aka shuka. Kuskuren tsohon tsarin shi ne ɗaukar dokar gonar katako a shimfiɗa ta a kan kowane irin wuri, har da gangaren dutsen da ba katako ake nema a kansa ba.

Zariya ba Tigrai ba ce

Dole a faɗi wannan a fili. Zariya tana kan tudu mai tsayin da bai kai mita 700 ba, Tigrai kuwa galibin tsaunukanta sun kai mita 2,000 ko fiye. Duwatsunmu irin Kufena da Dumbi curin dutse ne da suka fito a tsakiyar fili, ƙasa sai a tsaga da gindi. Dajinmu na asali kuma na doka da kaɗanya da ɗorawa da taura ne, mai ciyawa a ƙasa, wanda ya saba da wuta. Ɗan kaɗanya, alal misali, idan ya tsiro sai ya tura idon da yake tohowa ta nan cikin ƙasa ya ɓoye shi, ta yadda ko wuta ta cinye saman zai sake tohowa. Irin wannan ba inuwa ce babbar buƙatarsa ba, lokaci yake so.

Wuta ce ma babban bambancin. Duhuwar da busasshiyar ciyawa ta kewaye, idan mafarauta ko masu neman sabon toho suka sa wuta a Janairu, murhu take zama ga dashen da ke cikinta. Duk wanda zai yi amfani da wannan dabara a nan sai ya nome ciyawar da ke kewaye tun da kaka.

Inda dabarar ta fi dacewa da mu shi ne gindin duwatsu, bakin kwazazzabai, faƙon da ruwa ya wanke, da tsofaffin ramukan da aka ɗebi ƙasa ko tsakuwa. Itatuwan da suka fi kama da masu son goyo su ne waɗanda dama a duhuwa ko a kan shuri ake yawan ganin 'ya'yansu, irin kanya da tsamiya. Mafi kusancin hujja da Bahaushe ya sani kuwa tana Maraɗi. Tun 1983, lokacin da wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan duhuwoyin da ke gonaki tohon kututturen itatuwa ne masu rai, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare duka, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. An ƙiyasta cewa hakan ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Sassaben zamani da dashe a gindin duhuwa ba abu ɗaya ba ne, domin a na farko duhuwar ce da kanta ke zama ice. Amma tushensu ɗaya, kuma ana iya haɗa su a wuri guda.

Wa zai amfana, wa zai ji a jika

Ga mai ɗan fili ko makarantar da ba ta da kuɗin waya da tankar ruwa, ribar a bayyane take. Kuɗin sassabe ya fita, na kwandon kariya ya ragu, ban ruwa ya ragu. Aikin da ya ƙaru shi ne sa ido: a dasa a gefen duhuwar ta inda zafin yamma ba ya duka, a riƙa rage rassa duk shekara yayin da dashen ke tashi, ganyen da aka rage a zuba masa a gindi.

Ga manomin da ke huɗa da shanu ko tarakta, kowane kalgo da aka bari cikas ne ga garma, kuma wurin da ya ci kunya ce da ba za a shuka ba. Shi ya sa ya fi sauƙi a fara daga iyakar gona da wuraren da dama ba sa ba da komai. Mai aron gona ko haya kuma ba shi da dalilin rainon icen da ba zai ci 'ya'yansa ba, wani lokaci ma mai gonar ba zai yarda ya dasa ba, don kada ya zama hujjar mallaka.

Mata su ne suka fi kowa hulɗa da waɗannan itatuwa. Daga nan kiraren girki ke fitowa, da ganyen sabarar masu jego, da ɓawon kalgo na ɗauri. Idan aka fassara shawarar masana a matsayin dokar hana taɓawa, su za a fara cuta, kuma za a koma sara a ɓoye. Alhali kalgo da sabara suna jure sara, rage musu rassa ma wani ɓangare ne na aikin. Abin da ke kashe su shi ne tone saiwa da ƙona kututture.

Makiyaya kuwa, tsarin Tigrai ya tsaya ne a kan hana dabbobi shiga, inda ake barin mutane su yanki ciyawa su kai musu. A ƙasar Zazzau, inda burtali da makiyaya ke ta ƙanƙancewa, killace gindin dutse ba tare da an zauna da ardo da mai unguwa ba zai iya haifar da rigimar da ta fi dashen tsada. A nan dashe a cikin ƙaya yana da wata fa'ida ta daban: yana ba da kariya ga ice ɗaya-ɗaya ba tare da an rufe wurin gaba ɗaya ba.

Saura masu kwangila da hukumomi. Dashe a jere yana da sauƙin ƙirgawa da ɗaukar hoto, wanda aka ɓoye a cikin duhuwa kuwa sai an sunkuya. Muddin ana biya ne bisa adadin da aka dasa a Agusta, sassabe tas zai ci gaba, domin shi ya fi sauri. Zariya tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona da tashar binciken dazuzzuka a Samaru, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu neman abin nazari. Gwajin da ake buƙata ba mai tsada ba ne: kanya da tsamiya da maɗaci, kashi ɗaya a fili, kashi ɗaya a gindin kalgo, kashi ɗaya a cikin ɗunɗu, a gangare guda, a rana guda, sannan a dawo a ƙirga masu rai a ƙarshen Afrilu kafin ruwan farko ya sauka, a sake ƙirgawa a Afrilun da ke biye.